Yadda Za Ka Rubuta Tarihin Rayuwar Waɗanda Suka Zauna a Kan Duwatsu

Duk wanda ya saba bin hanyar Gombe zuwa Yola ya san cewa da zarar an wuce Kumo an doshi Billiri da Kaltungo, ƙasa takan sauya kama, duwatsu su fara tasowa dama da hagu, har ido ya sauka a kan Dutsen Tangale mai tsini wanda ake hangowa tun daga nesa. Abin da matafiyi ba ya iya gani daga cikin mota shi ne kufai da ke saman da yawa daga cikin waɗannan duwatsu, inda har yau ake tarar da da'irar duwatsun da suka kasance harsashin ɗakuna, da ramukan niƙa waɗanda hannayen mata suka zurfafa a jikin falalen dutse, da gonaki hawa-hawa da aka tokare da jerin duwatsu don kada ruwan sama ya kwashe ƙasa. Haka lamarin yake a jihar Bauchi, a duwatsun Mbula na Dass, da yankin Zaranda, da duwatsun Ningi waɗanda suka ba Malam Hamza da jama'arsa mafaka bayan sun baro Tsakuwa ta ƙasar Kano wajen shekarar 1846.

Tsaro ne babban abin da ya riƙe mutane a can sama, musamman a ƙarni na 19 lokacin da hare-haren neman bayi suka yi yawa, domin doki ba ya hawan dutse, kuma mutane kaɗan da ke sama suna iya tare hanya ga runduna guda. Bayan Turawa sun ci Bauchi a 1902, aka kuma yi yaƙin Bormi a 1903, sai zaman dutse ya fara rasa dalilinsa. Jama'a suka riƙa sauka a hankali cikin shekaru masu yawa, wasu don neman gona mai faɗi da kusantar kasuwa da hanya, wasu kuma saboda matsin hukumar Turawa wadda ta fi son su a inda karɓar haraji zai yi sauƙi. Akwai waɗanda ba su sauka ba, kamar mutanen Tula da har yanzu suke zaune a kan tudunsu a Wange da Baule da Yiri, amma a wurare da dama waɗanda aka haifa a sama sun zama tsofaffi ƙwarai, kuma kowace shekara sai an rage wasu.

Kakata ta wajen uwa, Allah ya jiƙanta, tana cikinsu. An haife ta a kan wani dutse a kudancin Gombe, ta yi 'yanmatancinta a can, kuma na shafe rani uku ina zama da ita ina ɗaukar maganarta kafin ta rasu. Matakan da ke ƙasa daga wannan aiki na samo su, kuma za su yi amfani ga wanda yake son rubuta labarin wani dattijo, da kuma wanda shi da kansa ya taɓa zaman dutse, ko malamin makaranta ne da aka tura can, ko ma'aikacin lafiya, ko makiyayi.

Mataki na farko: ka iyakance abin da za ka rubuta

Mutum ɗaya, dutse ɗaya, zamani ɗaya, wannan shi ne iyakar da nake ba kowa shawara ya ja wa kansa. Masu farawa da yawa sukan ɗauki niyyar rubuta tarihin ƙabila gaba ɗaya, daga inda aka taso zuwa jerin sarakuna, sai aiki ya fi ƙarfinsu, ko kuma su faɗa cikin gardamar asali da sarauta wadda ba ta ƙarewa. Wancan aiki ne dabam, yana da masu yin sa. Naka shi ne rayuwar yau da kullum, wato abin da mutum yake yi daga farkawarsa zuwa kwanciyarsa, da abin da yake ci, da inda yake samun ruwa, da abin da yake tsoro idan dare ya yi.

Wajen zaɓen mai ba da labari, kada ka tsaya ga wanda gari ya sani da iya magana kawai. Irin wannan mutum sau da yawa ya riga ya goge labarinsa saboda yawan maimaitawa, har ya zama kamar karatu. A ganina tsofaffin mata sun fi kowa riƙe abin da ake nema a nan, saboda su ne suka ɗauki ruwa, suka yi niƙa, suka yi goyo a kan hanyar da namiji ma sai ya dafa yake wucewa, kuma ba kasafai aka taɓa tambayar su ba.

Mataki na biyu: neman izini

Ko da dattijon danginka ne, ka bi ta hannun mai gida, ka zo da ɗan abin gaisuwa daidai da al'adar wurin, goro ko sabulu ko sukari, ka kuma bar ranar farko ta tafi a gaisuwa da bayanin niyyarka. Idan ba garinku ba ne, sai ka fara da mai unguwa ko dagaci, domin baƙon da aka gani yana yawo da waya yana tambayar labarin dutse da gonakin da, nan da nan za a ɗauka maganar fili ce ta kawo shi. Idan aikin zai kai ka ga tarihin masarauta, to ya kamata fada ta san da zuwanka, ko ta Mai Tangale ce, ko ta Mai Kaltungo, ko ta Mai Tula, ko ta Sarkin Dass.

Ka faɗa wa dattijon ƙarara cewa wayar tana ɗaukar muryarsa, ka kunna masa ɗan abin da ka ɗauka ya ji da kunnensa, sannan ka ce masa, "Baba, duk abin da ba ka so a rubuta, ka gaya mini in tsayar, kuma ba zan fitar da komai ba sai na karanta maka." Wannan alkawari shi ne yake buɗe bakin mutum, kuma wajibi ne ka cika shi.

Kayan aiki ba su da yawa. Waya mai isasshen wuri, da fawa-bank saboda ƙauyukan gindin dutse da yawa ba su da wuta, da littafin rubutu mai kauri, da biro biyu. Ka rufe layin wayar lokacin ɗauka don kada kira ya shigo ya katse magana, ka ajiye ta a kan tabarma kusa da mai magana, nesa da turmi da kaji, sannan a farkon kowace ɗauka ka faɗi kwanan wata da sunan wuri da bakinka.

Mataki na uku: tambaya

Nan ne aikin yake tsayawa ko ya faɗi, saboda haka zan daɗe a kansa. Ranar da na fara zama da kakata na ce mata, "Kaka, ina so ki ba ni tarihin garinku na kan dutse." Ta dube ni ta ce, "Ni me na sani? Ka je wajen maza, su ne suka san tarihi." Ranar haka muka tashi ba tare da na samu komai ba. Da na dawo bayan kwana biyu na tarar da ita tana ɓare gyaɗa, na zauna na sa hannu, can na ce, "Kaka, lokacin kina yarinya a sama, idan kin tashi da asuba mene ne abin da kike fara taɓawa?" Ta ajiye gyaɗar ta ce tulu, sannan ta ɗaga hannu biyu ta nuna mini girmansa, ta nuna yadda ake naɗa gammo da tsumma, ta fara lissafa sunayen 'yanmatan da suke tafiya tare. Ba ta tsaya ba sai da rana ta karkata.

Abin da na koya shi ne kalmar tarihi tana tsorata mutum, tana sa ya ga kamar ana neman wani babban ilimi da ba shi da shi. Tambaya ƙarama wadda ta shafi hannu da ƙafa da ciki ita ce take jawo zare. Ka bi yini guda tare da shi tun daga asuba. Ruwan sha daga ina yake zuwa, idon ruwa ne ko wanda ya taru a ramin dutse, kuma wane wata yake ƙafewa? Idan wuta ta mutu cikin dare yaya ake yi, da ƙyastu ake tayar da ita ko garwashi ake ɗebowa a tsingaro daga maƙwabta? Da me ake miya idan babu gishirin kasuwa, kuma wace toka ake tacewa? Wa yake gyara jerin duwatsun gona idan ruwa ya rusa su, mai gona shi kaɗai ko gayya ake kira? Ina ake ɗaure awaki, ina rumbu yake, kuma yaya ake hawa da dami daga gonar ƙasa zuwa gida?

Idan yini ya ƙare sai ka bi shekara, daga sharar gona a bazara zuwa shuka da noman fari da maimai, zuwa kaka da sussuka, zuwa hunturu lokacin da iska take ratsa dutse har mutane su kwana kusa da murhu. Ka tambayi irin amfanin da ake shukawa a sama da sunansa, dawa ce ko maiwa ko acca, da riɗi da wake da gujjiya, ka kuma tambayi wanda aka daina shukawa bayan an sauko, domin irin shuka yakan ɓace tare da wurin da aka saba shuka shi. Maganar dabbobi kuwa ba ta taɓa kasa motsa tsoho. Ka ambaci gwaggon biri kawai, za ka ji yadda yara suke wuni a gona da majajjawa suna tsaron dawa, da yadda ake farautar rema a tsagin dutse, da daren da damisa ta ɗauki akuya, da wanda ya fi kowa iya cin zuma a kogon dutse.

Akwai tambayoyi masu nauyi waɗanda sai an saba ake yin su, kamar haihuwa a inda babu asibiti, da agana, da kurkunu, da shekarun yunwa, da 'ya'yan da suka rasu, da yadda ake saukar da mara lafiya. Ka bar su sai zama na huɗu ko na biyar. Idan dattijo ya yi shiru a tsakiyar magana kada ka yi gaggawar cike gurbin da wata tambaya, ka jira, domin abin da yake biyo bayan irin wannan shiru sau da yawa shi ne mafi daraja a duk zaman. Kada kuma ka gyara masa magana ko da ka san ya yi kuskuren shekara ko suna, ka rubuta a gefen littafinka ka bari sai daga baya.

Tambayar da ba za ka bari ba ita ce ta ranar saukowa. Wa ya fara sauka, wa ya ƙi, me aka ɗauko, me aka bari, kuma wa ya riƙa komawa sama yana kwana bayan kowa ya tashi? A nan ne labarin yake da zuciya, saboda a nan ne mutum yake gwada rayuwa biyu.

Kada zama ya wuce awa ɗaya ko ɗaya da rabi, tsoho yana gajiya ko da bai faɗa ba. Idan akwai tsohon kayan aiki a gidan, fartanya ko ɗan dutsen niƙa ko ƙwarya, ka roƙa a ɗauko ka sa masa a hannu. Bayan ka yi zama da dama da shi shi kaɗai, sai ka haɗa shi da sa'o'insa biyu ko uku, za ka ga suna tuna wa juna, suna musu, har waƙoƙin niƙa da na gayya su fito waɗanda mutum ɗaya ba zai rera maka ba.

Mataki na huɗu: ka hau dutsen da ƙafarka

Gani ya kori ji, kuma wanda bai hau ba rubutunsa yakan nuna. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an gama girbi, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ciyawa ta bushe hanya ta fito, kafin zafin Maris da Afrilu ya sauka. Ka tashi da sassafe tare da ɗan gari wanda ya san hanya, mafarauci ko makiyayi, ka ɗauki ruwa isasshe da sanda, ka sa takalmi mai rufe ƙafa har idon sawu da dogon wando. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin yankin Kaltungo da kewaye sananne ne da kububuwa, har akwai asibiti na musamman na masu saran maciji a garin. Kada ka sa hannu a ƙarƙashin dutse ko cikin rami, kuma ka tabbata mutanen gida sun san inda ka nufa da lokacin da za ka dawo.

A kan hanya ka duba agogo, ka rubuta tsawon lokacin da ka ɗauka daga gindin dutse zuwa kufai, da daga kufai zuwa idon ruwa, sannan ka tuna cewa kai hannu sake ka hau, su kuwa da tulu a ka da goyo a baya. Ka zana taswira da hannunka ko da ba ka iya zane ba, ka sa inda gidaje suke, da wurin sussuka, da itatuwan da suka rage, kuka ko tsamiya ko kanya. Kakata ta sha ba ni labarin wani wuri da hanyar ruwa ta matse tsakanin duwatsu biyu, kuma a raina na ɗauka tsufa ne ya ƙara wa abin gishiri. Da na isa wurin sai da na karkata kafaɗa kafin na ratsa, na kuma ga gefen dutsen ya yi sumul yana ƙyalli a daidai inda hannu yake dafawa. Na ɗauki hoto na kawo mata, ta riƙe wayar ta daɗe tana kallo, sannan ta sa yatsa a kan hoton ta ce, "Nan ne ake sauke tulu."

Akwai wuraren da mutanen gari ba sa so baƙo ya shiga, makabarta ko wurin ibadar gargajiya, ko da su kansu yanzu Musulmi ne ko Kirista. Idan jagoranka ya ce a tsaya, ka tsaya. Kada ka ɗauko komai daga kufai, ko tsingaro ne, ka ɗauki hotonsa a inda yake ka bar shi.

Mataki na biyar: gano shekaru

Dattijan dutse ba sa ƙirga shekara da lamba, amma suna riƙe ta da abin da ya faru, saboda haka sai ka tanadi jerin abubuwan da shekarunsu suka tabbata ka riƙa auna labari da su. Samun mulkin kai 1960 ne, jirgin ƙasa ya iso Bauchi a 1961 ya kai Gombe a 1963, an kashe Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa a Janairun 1966, yaƙin basasa ya gudana daga 1967 zuwa 1970, canjin hannu na tuƙin mota 1972 ne, naira ta maye gurbin fam a 1973 wanda ya zo daidai da babban fari, an kashe Murtala a Fabrairun 1976 a watan da aka ƙirƙiro jihar Bauchi, sannan aka fitar da jihar Gombe a Oktoban 1996. Sai ka ce, "Goggo, lokacin da aka canja kuɗi kina goyon wa?" Daga amsar, idan ka san tazarar 'ya'yanta, za ka iya komawa baya har ka kusanci shekarar aurenta da ta saukowarsu. Inda lissafi bai kai ka ga shekara ɗaya ba, ka rubuta "wajen" ko "tsakanin kaza da kaza", kada ka ƙaga lamba don rubutu ya yi kyau.

Wanda yake da hali zai iya zuwa Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da Arewa House, inda ake samun rahotannin da Di'o-Di'o, wato jami'an mulkin Turawa, suka rubuta a kan gundumomi, da ƙidayar masu biyan haraji da bayanin ƙauyuka. Suna taimakawa wajen shekaru da sunayen wurare, amma ka karanta su da lura, domin baƙi ne suka rubuta ta bakin tafinta, kuma sau da yawa da raini a cikin kalmominsu. A ƙasar Tangale, inda 'yan mishan na SIM (Sudan Interior Mission) suka sauka a Kaltungo tun 1917, tsofaffin littattafan coci na baftisma da aure ma suna iya warware maka shekara.

Mataki na shida: daga murya zuwa takarda

Ka kwafe kowace ɗauka tun tana da ɗumi, cikin mako guda idan zai yiwu, lokacin da kake iya tuna abin da hannu ya nuna wanda waya ba ta ɗauka ba. Awa ɗaya ta magana takan ci mini awa biyar ko shida kafin in gama kwafewa, don haka kada ka bari su taru. Ka rubuta yadda aka faɗa, da maimaici da komai, wannan shi ne asalin da ba za ka taɓa ba, gyara kuma a wani kwafi dabam za ka yi shi. Idan dattijon da harshensu ya yi magana, Tangale ko Waja ko Dadiya ko Zaar ko Jaranci ko Warjanci, kuma kai ba ka ƙware ba, ka nemi wanda ya tashi cikin harshen ku zauna tare. Sunayen abinci da kayan aiki da wurare ka bar su cikin harshensu, ka bayyana ma'anarsu a cikin jimla da Hausa, domin wasu daga cikin kalmomin nan ba su da sauran wurin zama sai bakin tsofaffi. Wajen buga Hausa kuwa ka sa madannin da ke da ɓ da ɗ da ƙ, Gboard, madannin waya na Google, yana da shi, don kada ƙasa ta koma kasa.

Daga nan sai tsari. Ka karanta duk abin da ka kwafe, ka sa alama a gefe bisa jigo, ruwa, gona, aure, ciwo, saukowa, sannan ka tara na kowane jigo wuri ɗaya. Kana iya jera babi-babi bisa shekarun rayuwar mutumin, ko bisa zagayen shekara daga bazara zuwa hunturu, ko ma bisa hanyar dutsen kanta daga gindi zuwa ƙololuwa, kowane zango da labarinsa. Ni na zaɓi zagayen shekara, saboda haka kakata take tuna abubuwa, ba ta cewa ina da shekara kaza, sai dai ta ce lokacin ɗorawa ta nuna.

Game da murya, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ka bar mai labari ya yi magana da "ni" da "mu", kai kuma ka tsaya a gabatarwa da 'yan bayanai inda ake bukata. Ka dubi bambancin waɗannan biyu. Mai rubutu zai iya cewa mutanen dutse sun sha wahalar ruwa ƙwarai a zamanin da, kuma gaskiya ya faɗa, amma mai karatu bai ga komai ba. Ga yadda kakata ta faɗi abu ɗaya: "Idan bazara ta yi nisa ruwanmu na sama yakan ƙafe, sai mu sauka na ƙasa tun zakara bai yi cara ba. A dawowa akwai inda tulu ba ya wucewa a kan mutum, sai ɗaya ta sauke ta miƙa wa ta gabanta, ta ratsa, sannan a aza mata. Wadda ta fasa tulu a wurin nan ba a yi mata faɗa a gida." Aikinka shi ne ka cire maimaicin da zai gajiyar da mai karatu, ka haɗa abin da aka faɗa a ranaku dabam-dabam a kan abu ɗaya, amma kada ka sa wa mutum kalmar da bai furta ba, kada kuma ka mayar da Hausarsa ta Gombe ko ta Bauchi zuwa Hausar littafi har ya zama jikokinsa ba za su gane shi ba.

Hatsari biyu ne suke jiran mai rubutu a nan. Na farko shi ne ya mayar da zaman dutse aljanna, iska mai daɗi da zumunci kawai, ya manta da yaran da ciwo ya ɗauke da matan da gwiwoyinsu suka lalace. Na biyu shi ne ya rubuta shi kamar zaman duhu da aka kuɓuta daga gare shi, alhali mutanen nan sun san yadda ake riƙe ƙasa a kan gangare da yadda ake ajiye hatsi ya kai shekara. Duka biyun dattijon zai faɗa maka idan ka saurara, kai dai kada ka zubar da ɗaya. Ka kuma guji sunayen raini da aka saba laƙaba wa mutanen dutse, ka kira kowace al'umma da sunan da take kiran kanta.

Mataki na bakwai: karanta masa, sannan ka adana

Kafin kowa ya gani, ka koma ka karanta wa mai labarin da babbar murya, babi ɗaya a zama ɗaya. Zai gyara maka suna, zai ƙara abin da ya manta, wani lokaci kuma zai ce a cire wani abu, kuma idan ya ce a cire sai a cire. Ka yi taka-tsantsan na musamman da abubuwa uku, wato iyakar gona, da asalin bauta na wani gida, da sirrin aure, domin jikokin waɗanda aka ambata suna raye, kuma magana ɗaya a takarda tana iya tayar da rigimar da ta kwanta shekaru. Inda labarin yake da muhimmanci amma sunan zai cutar, ka sakaya sunan ka faɗa a gabatarwa cewa ka yi haka.

Muryar da ka ɗauka kada ta zauna a waya ɗaya. Na taɓa rasa zama biyu cur saboda wayata ta faɗa ruwa kafin in kwafe, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne wanda kakata ta rera waƙar niƙa, ba ta kuma sake rera ta yadda ta yi ranar ba. Tun daga lokacin, duk daren da na dawo sai na tura fayil ɗin zuwa kwamfuta da memori da Google Drive, da suna mai ɗauke da kwanan wata. Idan rubutu ya kammala kana iya fitar da shi kashi-kashi a Facebook, inda 'yan garin da ke nesa sukan turo gyara da ƙarin bayani, ko ka buga shi littafi, ka nemi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa. Ko kwafi ashirin ka iya bugawa, ka ba iyalin mai labarin nasu da farko tare da memori mai ɗauke da muryarsa, ka kai wa makarantar garin, ka kuma kai sashen tarihi na Jami'ar Jihar Gombe ko wata jami'a da ke kusa da kai.

Za ka tarar akwai tambayoyin da suka taso maka bayan ka gama, waɗanda ba ka samu damar yi ba. Ka jera su a shafin ƙarshe na littafin aikinka tare da sunayen sa'o'in dattijon da suka rage, ka kai musu tun rani bai ƙare ba, kafin damina ta sauka hanyar gindin dutse ta yanke.